Wa Ya Sace Muryar Rediyon Kakana?

Da aka raba gadon kakana a Lajawa, akwatin rediyonsa ƙirar National Panasonic kaɗai ne ya rasa mai nema, sai na ɗauke shi. Da na kwance bayansa, rami na tarar a mazaunin lasifika: an ciro ta an sayar wa ’yan gwangwan saboda maganaɗisunta da ’yar wayar jan ƙarfen da ke ciki. Akwatin da ya shekara 40 yana kawo wa zaurenmu Rediyon Kaduna da Sashen Hausa na BBC ya bebance a kan kuɗin da bai kai na kwanon gero ba.

Ranar Juma’a na kai shi kasuwar Wudil. Masu gyara uku suka ba ni amsa ɗaya: “Malam, sayi sabo, ya fi arha.” Wannan amsa nake tuhuma. Lasifika takarda ce mai siffar mazurari, da naɗin siririyar waya, da maganaɗisu. Lantarki ya ratsa naɗin, takardar ta girgiza, murya ta fito. Magabatan masu gyara suna liƙe takardar da ta yage da gam, su sake naɗa wayar da ta ƙone. Yau kuwa muna auna kayan gyaranmu a sikeli, sannan mu koka da cewa babu su.

Za a ce wayar hannu ta maye gurbin rediyo. A tambayi manomi a gona da makiyayi a daji: waya tana neman caji da data, rediyo batir kawai yake ci.

Wani dattijo a Sabon Gari, Kano, shi ya fitar da ni kunya. Ya ciro lasifika daga matacciyar rikoda, ya duba ya ga om 8 ce kamar yadda akwatin ke buƙata, ya ɗiga dalma, rediyon ya yi magana. Ni mai digiri na tsaya ina kallo, shi kuma ba shi da almajiri ko ɗaya.

Don haka ina kira ga masu gyara su riƙa ajiye matattun rediyoyi domin rayar da wasu, mu matasa kuma mu durƙusa gaban irin wannan dattijo tun yana raye. In ya tafi da iliminsa, a sikelin wa za mu sayo shi?