Magana A Kan Harajin Hayaƙi A Ƙasar Kanada

Ku sani akwai wata ƙasa arewa da Amurka, sunanta Kanada, ƙasar sanyi ce mai tsanani, har magidanci ba ya iya kwana a ɗakinsa da hunturu sai ya ɗumama shi. Mutanenta sun shekara shida suna jayayya a kan wani haraji. Ina so in bayyana muku asalinsa, da abin da ya kashe shi.

Masana sun tabbatar hayaƙin fetur da gas da kwal shi ke ƙara wa duniya zafi. Sai gwamnatin Justin Trudeau ta ce, to, wanda ya ƙona ya biya. A 2019 aka aza dala 20 a kan kowane tan na hayaƙin, ana ƙari kowace shekara, har ya kai dala 80 a 2024, wato wajen santi 17 a litar fetur. Waɗansu larduna suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2021, ta ce gwamnatin tarayya tana da ikon yin haka.

Amma a lokacin kuɗin nan ba ya kwana a baitulmali. Kamar kashi 90 cikin 100 ana mayar wa magidanta ne, sau huɗu a shekara. Gida mai mutum huɗu a lardin Albata an yanka masa dala 1,800 a 2024. Rabon kuwa ba ya duban yawan abin da mutum ya ƙona. Saboda haka mai manyan motoci da ƙaton gida shi ke hasara, talaka mai ɗan ɗaki ya kan karɓi fiye da abin da ya fitar. Ma'aikacin da Majalisa ta naɗa don binciken lissafin kuɗi ya shaida haka. Ya kuma ƙara da cewa in an lissafa raguwar albashi da ta riba, musamman wajen masu aikin haƙar mai, gidaje da yawa za su koma hasara. Kowane ɓangare ya tsinci rabin maganar da ya yi masa daɗi, ya bar ɗaya rabin. Madugun adawa, Pierre Poilievre, ya dinga yawo gari gari yana kiran a soke harajin.

Ni dai a ganina abu biyu suka kashe shi. Na farko, mutum yana ganin tsadar duk ranar da ya je shan mai, kuɗin mayarwa kuwa shiru suke shiga banki, har mutane da dama ba su san ana ba su ba. Na biyu ya fi muni, kuma laifin mahukunta ne. A Oktoba 2023 Trudeau ya ɗage harajin na shekara uku daga kan man ɗumama ɗaki, alhali kowa ya san mafi yawan masu amfani da shi suna lardunan gabas, inda jam'iyyarsa ke tsoron rasa ƙuri'a. Mutanen yamma masu ɗumama da gas suka ce, mu fa, ba ma jin sanyi ne? Lardin Saskacewan ya daina karɓar harajin a kan gas ɗin ɗumama. Daga nan dokar ta rasa kwarjininta, don wanda ya aza ta ya nuna da kansa ana iya cinikinta.

Da Mark Carney ya gaji Trudeau a Maris 2025, tun ranar farko ya sa hannu aka sauke harajin daga kan magidanta, daga 1 ga Afrilu. An bar na manyan masana'antu a lokacin. Fetur ya sauka, mutane suka yi murna. Sai dai kuɗin mayarwa ma sun tsaya, an biya na ƙarshe a watan nan na Afrilu. Gidajen da suka fi jin rashinsu su ne na masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda aka yi ta jayayyar da sunansu.