Sarki Zedekiya, ɗan da aka ce ya tsira, da lissafin shekara 600 a Littafin Mormon

Duk wanda ya daɗe a Legas, Ibadan, Fatakwal ko Aba ya san samarin nan masu fararen riguna da baƙin bajo a ƙirji, masu yawo bibbiyu suna raba littafi. Su ne masu wa'azin cocin da aka fi sani da Mormon. Hedikwatarsu na jihar Utah a Amurka, sun fara aiki a hukumance a Najeriya a 1978, kuma a 2005 suka buɗe babban haikalinsu a Aba. Mutane ne masu ladabi, ba a raba su da wannan. Amma akwai maganar da ake yawan ji daga masu kare littafinsu: wai tarihi ya gaskata shi, don sarakunan Yahudawan da ya ambata an same su a rubuce-rubucen da aka tono daga ƙasa. Ra'ayina shi ne maganar rabinta gaskiya ce, kuma rabin da yake gaskiya ba shi ne ake gardama a kai ba.

Littafin Mormon ya fito a watan Maris na 1830 a garin Palmyra, jihar New York. Joseph Smith ya ce fassara shi ya yi daga wasu faranta na zinariya da mala'ika ya nuna masa. Labarin ya soma ne a Urushalima, wato birnin Ƙudus, a shekarar farko ta sarautar Zedekiya sarkin Yahuza. Wani mutum mai suna Lehi ya kwashi iyalinsa ya bar birnin kafin a rushe shi, suka ratsa hamada, suka haye teku zuwa nahiyar Amurka. Da littafin ya ambaci Zedekiya, ya ɗaure kansa a wani turke da ake iya aunawa, don zamanin wannan sarki na cikin zamunnan da aka fi sani a tarihin yankin.

Dalili kuwa, Babiloniyawa ma'abota rubutu ne. A gidan adana kayan tarihi na Landan akwai wani allon laka da masani D. J. Wiseman ya wallafa a 1956. A cikinsa marubutan fadar Nebukadnezzar, wanda masu karatun tafsiri suka sani da Bukhtanassar, sun rubuta cewa a shekara ta 7 ta mulkinsa ya ci birnin Yahuza ranar 2 ga watan Adar, ya kama sarkinsa, ya naɗa wanda ya ga dama. Ranar ta yi daidai da tsakiyar Maris na shekarar 597 kafin Miladiyya. Allon bai faɗi sunan sabon sarkin ba, littafin Sarakuna na biyu a Baibul ne ya ce Mattaniya ne, kawun sarkin da aka tuɓe, aka sake masa suna Zedekiya. Shi kuwa wanda aka tuɓe, Yehoyakin, an ga sunansa a wasu allunan da Jamusawa suka tono a kufan Babila, aka wallafa a 1939: takardun rabon mai ne, da kason sarkin Yahuza da na 'ya'yansa biyar. A Ƙudus ma, Eilat Mazar ta tono tambarin hatimin Yukal ɗan Shelemiya a 2005 da na Gedaliya ɗan Fashur a 2008, fadawan Zedekiya biyu da littafin Irmiya ya ambata a sura ta 38.

Duk wannan tabbas ne. To amma wa ya ci ribarsa? Sunan Zedekiya, cin Urushalima, Annabi Irmiya da tsangwamar da ya sha, duk suna cikin Baibul ɗin Turanci da ke kusan kowane gida a ƙauyukan New York a 1830. In wani ya rubuta labari yau ya ce ya faru a zamanin Muhammadu Rumfa, samuwar Rumfa a jerin sarakunan Kano ba ta gaskata labarin ba, ta dai nuna marubucin ya san jerin. Inda za a gwada Littafin Mormon shi ne inda ya faɗi abin da Baibul bai faɗa ba. A kan sarakunan Yahuza, wuraren nan biyu ne: lissafin shekaru, da ɗan sarki mai suna Mulek.

Mu fara da lissafin. Littafin ya faɗa, ya maimaita, cewa daga fitar Lehi zuwa haihuwar Almasihu shekara 600 ce, kuma gabatarwar sashen da ake kira Nefi na uku ta ce a shekarar farko ta Zedekiya ya fita. Farkon igiyar ke nan, 597. Ƙarshenta ma wani mai mulkin Yahudawa ne ke riƙe da shi, Hirudus Babba. Linjilar Matiyu ta sa haihuwar Annabi Isa (AS) a lokacin da Hirudus ke raye, kuma yawancin masana, bisa bayanin Josephus marubucin tarihin Yahudawa, sun tsaya a kan cewa Hirudus ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya. (Kada abin ya rikita ku, wanda ya tsara ƙidayar Miladiyya a ƙarni na 6 ne ya yi kuskuren 'yan shekaru.) Daga 597 zuwa 5 ko 4, shekara 592 ce ko 593. Bakwai ko takwas sun ɓace.

Malaman Mormon sun san da wannan giɓi, kuma ba su ɓoye shi ba. Wasu suka ce mutanen Lehi shekara mai kwana 360 suke ƙirgawa, irin wadda Mayawan tsakiyar Amurka suka sani. 600 irinta ta ba da shekara 591 da ɗoriya, lissafi ya zauna. Wasu suka ce shekarar wata ce. Mu da muka saba da kalandar Hijira mun san tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka 600 ta wata kusan 582 ce ta rana, sai a jinkirta fitar Lehi zuwa wajen 588 ko 587, dab da rushe birnin. Jeffrey Chadwick na jami'ar Brigham Young ya bi ta ɗaya gefen: ya ja fitar baya zuwa 605, ya kai shekarar farko ta Zedekiya zuwa 609, lokacin da Yehoyakim ne Baibul ya sani a kan gado. Kowace amsa da wayonta. Sai dai ku lura, amsa uku ce masu karo da juna: ta farko ta sake tsawon shekara, ta biyu ta saki shekarar farko, ta uku ta taɓa jerin sarakunan kansa. Babu wadda ta taso daga wani rubutu da aka tono. Kowacce an ɗinka ta ne don ta rufe yagewar.

Akwai bayani mai sauƙi da ba ya bukatar ɗinki. Baibul ɗin Turanci na wancan zamani da yawa suna ɗauke da shekaru a gefen shafi, bisa lissafin Bishop James Ussher na ƙarni na 17, kuma shi ya sa hawan Zedekiya a 599. Mai karatu a 1830, da ya ga 599 ya kuma ɗauka an haifi Almasihu a farkon Miladiyya, 600 zai ce. Wannan ba hujja ce ta yanke ba, amma adadin ya fi dacewa da abin da aka sani a 1830 fiye da abin da allon Babila ya bayyana a 1956.

Abin da ya fi damuna ma ba adadin ba ne, yanayin birnin ne. Shekarar farko ta Zedekiya ita ce shekarar da Urushalima ta sha kashi. An kwashe dukiyar haikali, an kora sarki da uwarsa da fadawa, kuma Sarakuna na biyu ya ce an tafi da mutum 10,000, har da maƙera da masu sana'a, aka bar talakawa. Amma a Littafin Mormon, manyan 'ya'yan Lehi suna gardama cewa babban birni irin wannan ba zai rusu ba, Lehi na da zinariya da azurfa a ajiye, Laban na zaune da taskarsa da bayinsa. Ba a ko ambaci cewa sojojin Babila ba su daɗe da fita ƙofar gari ba. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, da wuya ya ba da labarin shekarar bai taɓo shi ba. Chadwick ma wannan na cikin abin da ya sa ya ja lokacin baya.

Sai Mulek. A 587 ko 586 Nebukadnezzar ya dawo ya rushe birnin. An kama Zedekiya a filayen Yariko, aka kai shi Ribla a ƙasar Siriya, aka yanka 'ya'yansa maza a gabansa, sannan aka cire masa idanu. Littafin Mormon ya ce ɗaya ya kuɓuta, sunansa Mulek, kuma shi da jama'arsa su ma sun isa Amurka, zuriyarsu ce mutanen Zarahemla, waɗanda suka fi zuriyar Nefi yawa. A nan dole a yi wa Mormon adalci. Masu sukarsu kan ce Baibul ya ce an kashe 'ya'yan duka. Ba haka ayar ta ce ba, kalmar duka ba ta wurin. Allunan Babila na shekarar rushewar kuma ba su iso hannun masana ba, jerin ya katse 'yan shekaru bayan 597. Don haka ba wani rubutu da ya ƙaryata Mulek kai tsaye. Sai dai ba wanda ya san shi. Marubutan nan kuwa ba sa sakaci da jinin sarauta: sun bi 'ya'yan sarki mata har Masar, sun bi Yehoyakin har ranar da aka fito da shi daga kurkuku a shekara ta 37 da kama shi. Magaji namiji da ya tsira shi ne labarin da kowa zai so ya rubuta.

Masu karewa sukan nuna Irmiya 38:6, inda aka jefa annabin a rijiyar wani Malkiya ɗan sarki. Suka ce Mulek gajeren Malkiya ne, kamar yadda Abubakar ke zama Bukar. Tushen sunan dai ɗaya ne da malik na Larabci da mulki namu. Daga baya, a 1997, wani hatimi ya bayyana mai ɗauke da sunan Malkiyahu ɗan sarki, a tarin kayan Shlomo Moussaieff a Landan, kuma a 2003 Chadwick ya yi rubutu yana tambaya ko hatimin Mulek ne aka samu. Shi tambaya ya yi. Kafin maganar ta iso wayoyin mutane ta zama wai an tabbatar.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin ɗan sarki. A kowace masarauta tamu, jika ɗan sarki ne, ɗan ƙanen sarki ma ɗan sarki ne. Haka masana da yawa suke fahimtar laƙabin a Yahuza, wasu ma suna ganin muƙami ne. A Irmiya sura ta 36 an aiki wani Yerameyel ɗan sarki ya kamo Irmiya da magatakardansa Baruk, alhali Sarki Yehoyakim bai wuce shekara 30 ba. Da wuya a ce ɗan cikinsa ne aka ba wannan aiki. Zedekiya ya hau gado yana da 21, ya yi 11, wato yana da 32 aka kama shi. Babban ɗansa bai fi ɗan 15 ko 16 ba. Yana yiwuwa a sa wa rijiyar gidan waƙafi sunan yaro ɗan sarki, amma ya fi kama da sunan wani babba na gidan. Malkiya kuma suna ne gama-gari, mutane da yawa ke amsa shi a Baibul.

Hatimin kansa ba a tono shi a gaban masana ba, ta hannun dillalan kayan tarihi ya fito, kasuwar da jabu ya sha shiga. Mu ɗauka na gaske ne. Bai faɗi sunan sarkin da ya haifi mai shi ba. Mu ƙara ɗauka Zedekiya ne. Iyakar abin da zai nuna shi ne akwai Malkiya a Urushalima, abin da Irmiya ya riga ya faɗa. Da'awar Littafin Mormon ita ce yaron ya tsere wa wuƙar Ribla, ya haye teku, ya kafa al'umma. Shaidar wannan a can ƙetare za a neme ta, kuma can ɗin littafin da kansa ya ce mutanen Zarahemla ba su zo da rubutu ba, harshensu ma ya gurɓace. Cocin kuma ta bayyana cewa ba ta da matsaya a kan inda garuruwan littafin suke a nahiyar Amurka. A Babila an san tudun da za a haƙa, aka haƙa, aka sami Yehoyakin da kason mansa. Zarahemla kuwa babu tudun da aka yarda a soma da shi.

Wanda ya yi imani da littafin ta hanyar addu'a, kamar yadda masu wa'azin suke roƙon mutane su yi, wannan tsakaninsa ne da zuciyarsa, kuma maƙwabci ne da ya cancanci mutuntawa. Amma in ya ce tarihi, to ya shigo filin da ake ƙirga shekaru. A nan sai ku tambaye shi cikin ladabi: wace shekara Lehi ya bar Urushalima, 605, 597 ko 587, kuma wane sarki ne a kan gado ranar?