Asalin Kalma: Daga Ganyen Itace zuwa Ƙwayar Masu Juna Biyu

A wannan fitowa mun ɗauko kalmar Ingilishi "foliage", wadda ke nufin ɗaukacin ganyayen da suka lulluɓe itaciya, ba ganye guda ba.

Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon Faransanci, kuma 'yar'uwarta "feuillage" tana nan da ranta a bakin 'ya'yanmu 'yan makarantar boko. Tushensu duka ɗaya ne, wato kalmar Latin "folium", ma'ana ganye. Daga wannan tushe ne rassa suka yaɗu. Da yake fallen takarda ya yi kama da ganye wajen rashin kauri, sai aka ara masa sunan: "feuille" a Faransanci ganye ce, kuma fallen takarda ce. Haka ma "folio" a Ingilishi, wato babbar takardar da aka ninka sau ɗaya ta ba da shafi huɗu. Shi ya sa ake kiran kundin wasannin Shakespeare da aka buga a 1623 da wannan suna. Larabawa ma sun bi wannan tafarki, domin "waraƙa" a wurinsu ganye ce, kuma takarda ce.

Amma reshen da ya fi shafar gidajenmu shi ne wanda ya shiga asibiti. A 1931, wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills, da ke aiki a birnin Bombay na Indiya, ta gano cewa akwai wani sinadari a cikin yis da ke warkar da wani irin ƙarancin jini da ke addabar mata masu juna biyu. A 1941 wasu masana uku a Amurka suka tace sinadarin daga ganyen alayyafon Turawa, suka raɗa masa suna daga "folium". Shi ne "folic acid", ko "acide folique", ƙwayar nan da ake haɗawa da maganin ƙarin jini a ba mata wajen awon ciki.

Aikinta ba ƙarami ba ne. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yakan rufe cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta samu ba. Ƙarancin wannan sinadari na iya sa a haifi yaro da buɗaɗɗen gadon baya. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa shan maikirogiram 400 kullum, tun kafin shigar ciki in da hali.

To, sunan da kansa tunatarwa ne. Zogale, alayyafo, rama da wake da muke rainawa suna ɗauke da rabonsu na wannan sinadari, sai dai doguwar dahuwa tana lalata shi. Uwargida ta rage wa ganye wuta, maigida kuma kada ya yi ƙyashin kuɗin cefanensa, ya kuma tabbata iyalinsa ta je awo da wuri ta karɓi ƙwayarta, domin ganye ba ya maye gurbin ta.

Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.