Furfura a gidan likita: ko a sake ba tsohon manjo mabuɗi?

Kowa ya san wanda ake kira manjo a ƙasar nan. Shi ne babban ma'aikacin jinya, mai riƙe da mabuɗin ɗakin magani, mai raba gadin dare. A ƙauyukan Dakoro, inda samun lokotoro sai an yi tafiya, shi ne likita, shi ne ma'aji, wani lokaci shi ne mai raba gardama.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane sun bar aikin gwamnati da sauran ƙarfinsu. Bayan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, albashi ya riƙa makara wata da watanni, wasu suka koma kasuwa. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka riƙa sallamar ma'aikaci in ya cika shekara 30 yana aiki, ko da bai yi furfura ba, sai daga baya doka ta kai shekarun ritaya 60. Da yunwar 2005 ta kawo ƙungiyoyin agaji irin su MSF jahar Maraɗi, har Dakoro, wasu suka bi su, don can kuɗin ya fi tsoka.

To, in ɗaya daga cikinsu ya dawo, shekara hamsin da ɗoriya, yana neman a sake ba shi shugabanci, sai a ji ana raɗa: ya tsufa. Shi ma a ransa yana tsoro. Takardun da ya saba cikewa da biro yanzu kwamfuta ake shigar da su, yaran da suka fito daga makarantar ENSP ta Yamai ko Damagaram kuwa sa'o'in ƴaƴansa ne, yana jin nauyin ya tambaye su.

Amma a duba me aikin yake bukata. Tun 2006 da aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duba su kyauta, kowace damina zazzaɓin cizon sauro da tamowa sukan cika gadaje a lokaci guda. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1995 ya san yadda ake tsara layi in marasa lafiya sun fi gado yawa, ya san maganin da ya kamata a tanada kafin ruwa ya ɓata hanyar Tarka. Ya san yadda ake lallashin makiyayi daga Bermo ya bar matarsa ta kwana asibiti alhali garke na jiransa. Wannan ba a koyar da shi a aji. Koyon kwamfuta kuwa aikin ƴan makonni ne ga wanda ya sauke girman kai.

Sai dai a faɗi gaskiya, furfura ba shaidar iya aiki ba ce. Akwai tsofaffin da abin da suka iya shi ne tsawa ga mata masu naƙuda, irin waɗannan gara su zauna gida. Matasa ƴan kwantiragi da suka daɗe suna jiran matsayi su ma suna da hujja in sun yi gunaguni. Abin da ya dace hukumar lafiya ta gundumar ta yi shi ne ta gwada mai dawowa kamar kowa, ta sauƙaƙa masa gadin dare, ta kuma haɗa shi da matashi mataimaki, da sharaɗin bayan shekara biyu ko uku ya miƙa masa mabuɗin.