Kafin mu ce yara na tsoron sashen C

Duk shekara iyaye a nan Matamaye kan tare ni da tambaya ɗaya: "Mushe, yaron nan ya gama ajin farko na lise, C zai shiga ko D?" Da na ce C, sai a girgiza kai, wai fizik ta fi ƙarfin ɗan talaka. Ban yarda ba. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, kuma da fizik ya yi suna, har ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, ONERSOL. Rauni yana wajenmu malamai, kuma da kaina zan fara.

Horon da na samu na koyar da 'yan kolej ne. Wata shekara aka rasa malami, aka miƙa mini ajin ƙarshe. Da dare in haddace darasi daga tsohon littafina, da safe in juye shi a allo. Ran da muka zo kan yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki, wata yarinya ta ɗaga hannu: "Mushe, haka ne babur ke cajin batirinsa?" Na ce za mu zo wurin. Ba mu zo ba, domin ni ma lissafin kawai na sani, ban taɓa ganin abin da idona ba.

Malamai irina suna da yawa, musamman 'yan kwantaragi da aka ba alli ba tare da horo ba. Taron kwana uku da ake rabon kuɗin zama ba ya gyara wannan. Makarantar ENS kuwa tana Yamai, wajen kilomita 900 daga nan. Mai iyali ba ya barin gida haka kawai.

Ga Jami'ar André Salifou a Damagaram, kusa da mu. A tara malaman fizik na jihar a babban hutu, wata guda cur, kowa ya haɗa waya da hannunsa, ya auna, ya yi kuskure a gaban 'yan uwansa kafin ya yi shi a gaban yara. A saka horon cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Kayan aiki ma ba sai daga Faransa ba: faifan sola da tsohon kwayil na babur suna kasuwa.

Amsar yarinyar nan, a wurin wani bakanike na same ta, da ya kwance mini injin ya nuna mini. Lokacin ta riga ta bar makaranta.