Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce, ni aka ɗora ma rubuta takardar kuɗin da za a kashe a makon al'adu na ƙungiyarmu. Na rubuta hayar kujeru da ta rumfuna, na rubuta kuɗin mai sono, da man gurup saboda ɗaukewar wuta, da ruwan sanyi na manyan baƙi. Har mai tsaron babura sai da aka yanka masa nasa. Da muka iso kan mawaƙin da zai raya daren rufewa, sai wani dattijo daga cikinmu ya ce: «Ai wannan yaronmu ne, takardar yabo ta ishe shi. Mu da muka tara masa jama'a, talla muka yi masa.» Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don haka da kaina zan fara zargi kafin in kai ga wani.

Yaron nan tsohon ɗalibina ne. Ba shi da ubangida, ba shi da kamfani. Shi ke tsara waƙarsa, shi ke tara kuɗin situdiyo daga sana'ar ɗinki, shi ke bin gidajen radiyo yana roƙon a saka. Waƙarsa guda ta kama gari: ana jin ta a tasha, a wurin masu shayi, a cikin wayoyin ɗalibanmu da muke ƙwacewa cikin aji. Na tambaye shi abin da ta kawo masa. Ya yi murmushi ya ce, gaisuwa. Mai ɗan tebur a bakin kasuwa, wanda ke zuba waƙoƙi cikin katin memuwar a kan dala 20 ko 40, ya fi shi cin moriyarta. Mai sayar da katin waya ya ci, mai sono ya ci, mu ma da muka cika fili da sunansa mun ci. Wanda ya yi aikin kaɗai aka sallama da tafi.

Ku tuna yadda mawaƙin ƙasar Hausa yake ci da can. Makaɗin fada sarki ke ba shi riga da doki da hatsi. Makaɗan maƙera, da na mahauta, da na ƴan kokowa, kowa yana da jama'ar da ta san nauyinsa a kanta. A zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, hukuma ce ta zama ubangida: ita ke shirya bukin matasa na ƙasa, ita ke ba da dandali, ita kuma ke faɗin abin da ya kamata a rera. Daga baya gasar Ɗan Gurmu ta Tawa da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai suka fito da gwanaye da dama. Da kaset ya zo, duk da ɓarnar masu kwafi, akwai abin da ake miƙa ma mai saye a hannu, ya miƙo kuɗi. Yau waƙa ta zama iska cikin wayar salula. Sarki ya rage kyauta, hukuma ta ja baya, kaset ya mutu. Mawaƙi mai zaman kansa ubangida ɗaya ya rage masa, shi ne mai sauraro. Shi kuwa mai sauraro ya yanke cewa ba ya biya.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na ji su a ɗakin malamai.

Ta farko, talauci: wai wanda bai ƙoshi ba ba ya sayen waƙa. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, albashin mushe kuma ba ya kai ƙarshen wata. Amma mutumin nan da ake kira matalauci ya riga ya biya. Ya biya mai tebur, ya biya kamfanin waya kuɗin intanet da ya sauko da waƙar. Kuɗin suna fita daga aljihu, hanyarsu ce ba ta bi ta ƙofar mai waƙa.

Ta biyu, wai yaɗuwar waƙa kyauta ita ce talla, kuma a kan kawo misalin Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak a jahar Tawa. To, mu bi labarin har ƙarshensa. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙin suka bi wayoyi da katunan memuwar har arewacin Mali, ba tare da sun kawo masa kuɗin sayarwa ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, shi ya tsince su cikin wayoyin mutane, ya sa ɗaya cikin kundin Music from Saharan Cellphones na 2011, bayan ya sha wahalar gano masu waƙoƙin don ya ba su rabonsu. Daga nan hanya ta buɗe, har kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021. Darasin a fili yake: suna ya zama abinci ranar da aka sami mai biya, mai biyan kuwa daga ƙetaren teku ya zo. Wannan abin kunya ne gare mu kafin ya zama abin alfahari. Mawaƙa nawa ne a Maraɗi da Damagaram za su zauna jiran baƙo ya tsinto su cikin wayar wani?

Ta uku, wai intanet ta warware matsalar, yaro ya sa waƙarsa a Spotify ya jira kuɗi. Spotify ta iso Nijar a 2021, amma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1000 cikin watanni 12 ba, ba ta samun ko tamma. Kafin waƙa ta shiga can sai ta bi ta hannun dillalin intanet, kafin kuɗi su fito sai da asusun da za su sauka. Masu sauraron yaronmu kuwa ta WhatsApp suke tura ma juna, inda babu mai ƙirgawa. Abin da ya yi aiki shi ne sayarwa kai tsaye: a 2020 Sahel Sounds ta riƙa fitar da waƙoƙin da mawaƙan Sahel suka ɗauka da waya suka aika ta WhatsApp, ana sayar da su a Bandcamp, kuɗin na komawa ga masu su. Nan ma, masu sayen akasarinsu ba mu ba ne.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce tuwon yaro ɗaya. Mu ne masu kuka a taruka cewa waƙar zamani ta lalace, ta koma kirarin ƴan siyasa da na masu kuɗi. Wa ya tura ta can? Mawaƙin da ya yi waƙa a kan auren wuri, ko yaran da ke barin lakwal, ko matasan da ke bin hanyar Agadas, mu muke tafa masa, mu sallame shi hannu wofi. Ɗan takara kuwa, ranar kamfe, jikkuna yake ƙirga masa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In muna son bakin da zai faɗi gaskiya ba tare da duban fuskar kowa ba, sai mu ciyar da bakin nan da kanmu.

Doka ba ta rasa ba. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, yana nan tun 1995, kuma dokar 2010 ta tanadi haƙƙin mai ƙirƙira da na mai rerawa. Sai dai doka ba ta shiga zauren da ake rubuta takardar kuɗin buki. Mu ke ciki. Saboda haka ga abin da nake kira gare shi. Kowace ƙungiyar al'adu ta sa ladan mawaƙi a layin farko na takardarta, a yi yarjejeniya a rubuce kafin ranar wasa. In kuɗi ba su isa ba, a rage kujerun manyan baƙi. A daina jin kunyar sa kuɗin shiga, ko dala 20 ne, a faɗa ma jama'a wanda za a ba. Wanda waƙa ta yi masa daɗi cikin wayarsa ya aika ma mai ita wani abu ta kamfanonin aika kuɗi da ke kowace unguwa. Mu malamai kuma, da muke rage ma ɗalibi maki in ya kwafi aikin ɗan'uwansa, mu koya masa cewa waƙa ma tana da mai ita, mu rubuta sunansa a allo kamar yadda muke rubuta na marubutan Faransa.

Ku kuma ƙannena mawaƙa, ku taimaki kanku. Ku yi rajistar ayyukanku a BNDA kafin ku sake su. Ku faɗi sunanku cikin waƙar, ku rubuta shi da lambar waya a kan fayil ɗin, don mai neman ku ya same ku. Ku yanka farashinku tun kafin ku hau dandali, kada ku karɓi «za mu gani». Neman ladan aiki ba roƙo ba ne.

Takardar yabon nan tana rataye a shagon ɗinkin ɗalibina, na gan ta da idona. Bana, in aka sake ba ni alƙalamin, sunansa zan fara rubutawa kafin na mai kujeru. In ƙungiya ta ƙi, to a yi bukin da kujeru da rumfuna, mu ga wanda zai zo. Banza ba ta kai zomo kasuwa.