RA'AYINMU: Saitin ƙafar mota ba aikin direba kaɗai ba ne

Duk ɗan kasuwar da ke ɗora kaya daga Duwala zuwa arewa ya san tsawon hanyar da dukiyarsa ke bi. Daga tashar jirgin ruwa a wuce Yawunde da Bertuwa da Garwa-Bulai, a hau Ngaundare, a gangaro Garwa da Marwa, sannan a bi ta Mora zuwa Kusiri da Njamena, tafiya ce ta kusan kilomita 1,800. Wasu kayan a Banki da Amcide ko Fotokol ake sauke su, wasu kuma su ƙetara har Mubi. Abin mamaki shi ne 'yan kasuwarmu na Kassalafam da Nubel sukan shafe awa guda suna ciniki a kan kuɗin mota, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi direba yaushe rabon da a duba saitin ƙafafun gaban motarsa. A ganinmu wannan sakaci ne da ya kamata a daina.

Saitin ƙafa, wanda kanikawan Najeriya ke kira alaimen, na Kamaru kuma paralelisim, awo uku ne. Na farko shi ne yadda tayoyin gaba ke fuskantar juna ko su buɗe waje. Na biyu shi ne yadda saman taya ke karkata ciki ko waje. Waɗannan biyun su ne ke cinye taya ta gefe guda, don haka kowa ya san su. Na uku shi ne kasta, kuma shi aka fi mantawa da shi domin ba ya barin alama sosai a jikin taya.

Mai son ya gane kasta ya dubi keke ko babur ɗin 'yan bensikin daga gefe. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ba a miƙe yake ba, samansa ya kwanto baya wajen mai tuƙi. Wannan kwanciyar ce ke sa babur ya riƙa bin hanya ɗoɗar ba tare da an yi kokawa da shi ba. Haka abin yake a mota: layin da ƙafar gaba ke juyawa a kansa an kwantar da shi baya da 'yan digiri kaɗan, yadda idan aka miƙa shi zai taɓa ƙasa a gaban inda taya ke taka kwalta. Saboda haka taya tana biye da layin ne, kuma da direba ya gama shan kwana sai sitiyari ya dawo tsakiya da kansa.

Idan kasta ya yi kaɗan, mota takan riƙa yawo a kan hanya, musamman da gudu, sitiyari ya ƙi dawowa, direba ya kwana yana gyara hannu har gajiya ta ci ƙarfinsa. Idan ya yi yawa, sitiyari yakan yi nauyi, duk ramin da aka faɗa sai ya bugi hannun direba, wani lokaci gaban motar ya kama rawa. Idan kuma na dama da na hagu suka bambanta, motar takan ja zuwa ɓangaren da nasa ya fi ƙanƙanta. A kan hanya mai faɗi da rana ana iya jure wannan. A gangaren Ngaundare mai kwana-kwana, da dare, da cikakken lodi, ko a ramukan da suka daɗe suna wahalar da direbobi tsakanin Mora da Dabanga da Kusiri, magana ce ta rai da mutuwa.

A nan ne ɗan kasuwa ya shigo cikin lamarin. Idan aka yi wa mota obalodi, bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, kusurwar kasta ta sauya daga yadda masu ƙera ta suka tsara, sannan nauyin da ke danne tayoyin gaba a ƙasa ya ragu. Masu mota sun san haka, shi ya sa da yawansu ke zuwa gareji a ƙara wa sifirin baya ganye. Da an sauke kaya sai bayan ya tashi sama fiye da ƙima, kasta ya ragu, motar ta dawo gida tana tangaɗi. Dokar kare hanyoyi da Kamaru ta kafa a 1996, wadda aka sabunta a 2022, ita ta sa ake tsayar da manyan motoci a kan sikeli. Mu dai mun saba kallon sikelin a matsayin wurin karɓar tara, alhali iyakar nauyin tana kare motar kanta da mutanen da ke cikinta. Wanda ya matsa wa direba ya ƙara buhu ashirin a kan abin da motar za ta iya, yana da nasa kason a duk abin da ya biyo baya. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Haka kuma muna da magana da kanikawa. Yawancin saitin da ake yi a bakin titi da igiya ko sanda yana gyara fuskantar tayoyi ne kawai. Ba a auna kasta da ido. Sai an ɗora tayar a kan faranti an juya ta dama da hagu, yawanci digiri 20 kowane ɓangare, na'ura ta lissafa. A manyan motoci masu sifirin ganye ana gyara shi da ɗan ƙarfe mai kama da tsinin gatari da ake sakawa tsakanin sifirin da ƙarfen ƙafa. A ƙananan motoci da yawa kuwa babu wurin gyara shi ko kaɗan, don haka idan awo ya nuna ya kauce, to wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko bushin ya cinye, sai an canza. Bakaniken da ya karɓi kuɗin saiti alhali bai auna wannan ba, ya gaya wa mai mota gaskiyar abin da ya yi da wanda bai yi ba. Mai zuwa Kam Yabasi sayen ƙarafunan gwanjo shi ma ya tuna cewa wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari yana iya zuwa a lanƙwashe tun daga Turai. Araha ba ta ado.

Don haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa na Nubel da Kasuwar Kwango da su zauna da ƙungiyoyin direbobi su yarda a kan abu uku. Na ɗaya, kada a ɗora kaya fiye da abin da ke rubuce a takardar mota, ko da mai kaya ne ya nema. Na biyu, duk motar da ta faɗa babban rami, ko aka taɓa mata sifiri, a kai ta inda ake da na'urar awo kafin ta sake ɗaukar hanya, a kuma karɓi takardar da ke nuna awon ƙafar dama da na hagu. Na uku, idan direba ya ce motarsa tana ja gefe, a saurare shi, kada a ce raki ne ko neman kuɗin gyara. Muna kuma roƙon Ma'aikatar Sufuri ta tabbatar cewa takardar duba lafiyar mota ana bayar da ita ne bayan an duba motar da gaske.

Kuɗin awon nan bai kai na taya guda ba, balle a kwatanta shi da jarin da mutum ya shekara goma yana tarawa, ko ran direba da yaran motarsa waɗanda su ma iyali ke jiran dawowarsu. Mun yarda cewa babu mai tsere wa ƙaddara, amma addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nemanmu.